An gudu, amma an tsira kuwa?

A 1966 wani likitan ƙwaƙwalwa a birnin Montreal na Kanada mai suna Vivian Rakoff ya rubuta wani abu da ya ɗaure masa kai. Yahudawan da suka tsira daga sansanonin 'yan Nazi suna ta kawo masa 'ya'yansu, yaran nan kuwa bayan an gama yaƙin duniya na biyu aka haife su, basu taɓa jin ƙarar bom ba basu taɓa kwana da yunwa ba, amma in ka dubi halin da suke ciki sai ka rantse su ne aka kulle a sansanin ba iyayen ba. Iyayen suna ta fafutukar neman na kansu, sun kama sana'a sun yi gida, yaran ne a birkice. Daga nan aka fara tambayar da har yau ba a gama amsa ta ba, wai ta yaya ciwon da mutum bai ji a jikinsa ba zai kama shi.

Kuma tambayar bata tsufa ba, kullum ƙara girma ma take. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya tace a 2024 waɗanda aka raba da gidajensu da ƙarfi sun haura miliyan 120, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne. Mu da muke kallo a waya abun da muke gani shine ranar gudun, mata da ƙunshin kaya a ka, jirgin ruwa maƙil da mutane, sai kyamara ta juya wani wajen mu ma mu juya. To tsugune fa bata ƙare ba. Kusan bakwai cikin goma na waɗanda suka tsallaka iyaka a ƙasar da ke maƙwabtaka da tasu suke tsayawa, galibi ita ma tana fama da kanta, waɗanda ake ɗauka a kai wata ƙasa ta uku a basu zama na dindindin ko ɗaya cikin ɗari basa kaiwa a shekara. Sauran jira suke. Sansanin Dadaab na Kenya a farkon shekarun 1990 aka buɗe shi saboda yaƙin Somaliya, da sunan na wucin gadi, yau akwai waɗanda aka haifa a ciki suka yi aure a ciki suka haihu a ciki. Mutanen Yammacin Sahara suna Tinduf a hamadar Aljeriya tun tsakiyar shekarun 1970. Falasɗinawa sama da 700,000 da suka bar gidajensu a 1948 yanzu maganar jikoki da tattaɓa kunne ake. Kaga kenan in ana zancen yaƙi yana bin zuri'a, ba wai zancen abun da ya wuce ake ba, a gidaje da yawa abun bai ma wuce ba tukunna.

Abu na farko da ya kamata a gane, kuma shine ake yawan tsallakewa, halayen da suke takura wa 'ya'yan nan su ne fa suka ceci iyayen. Matar da ta kwana uku a daji da jariri ta koyi cewa kukan yaro yana iya jawo mutuwa, ta koyi barci da kunne ɗaya a buɗe, ta koyi kar ta yarda da baƙo kar ta faɗi sunan garinsu, in an samu abinci a ɓoye rabi. A lokacin wannan hikima ce, wanda bai koya ba baya cikin masu bada labari. Matsalar ita ce jiki bai san an sa hannu a takardar sulhu ba. Shekara goma bayan nan yaronta ya makara minti ashirin daga makaranta, ita a ranta an riga an yi jana'iza, yana shigowa maimakon runguma sai mari, shi kuma abun da ya sani kawai uwarsa masifaffiya ce. Wanda maciji ya sara ai in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake, sai dai a nan ba shi kaɗai yake gudun ba, duk gidan yake ja. Yaro ya tashi an hana shi zuwa gidan abokai an hana shi tafiya da 'yan ajinsu, an cusa masa cewa duniya waje ne da ake kashe mutane ba gargaɗi, kuma ba wanda ya taɓa zaunar dashi ya gaya masa dalili.

Wannan shirun shine babbar hanyar da abun ke bi. Iyaye suna yin shiru ne saboda ƙauna, me zai sa in ɗora wa yaro abun da ni kaina na kasa ɗauka, wasu kuma kunya ce ke rufe musu baki musamman inda aka yi fyaɗe, ko inda mutum ya yi wani abu dan ya rayu wanda baya so ya tuna, ko ya saki hannun wani a hanya. Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Yaro yana ganin yadda babansa ke tashi ya bar ɗakin in jirgi ya wuce, yana jin ihun da ake yi cikin barci, ya san akwai wani wata a shekara da gidan ke yin tsit, ya san akwai sunan da ba a ambata. In ba a bashi labari ba shi zai ƙirƙiro nasa, kuma yara in suna cike gurbi da kansu kusan kullum kansu suke ɗora wa laifi, ni ne na ɓata mata rai, ni ne ban isa ba. A Kambodiya, inda mulkin Khmer Rouge ya ci rayuka kusan miliyan biyu tsakanin 1975 da 1979, sai wajen 2009 aka fara koyar da tarihin sosai a makarantun sakandare, kafin nan akwai matasan da in iyayensu suka ɗan gutsura musu labari sai su ɗauka ƙari ne irin na tsofaffi. Ka duba fa, a gida shiru a makaranta shiru, amma ciwon yana nan daram. Wani bincike da aka wallafa a 2005 kan 'yan Kambodiya da ke zaune a Long Beach ta Amurka ya samu kashi 62 cikin ɗari suna fama da ciwon firgicin nan da likitoci ke ce wa PTSD, shekara ashirin bayan sun isa. A wannan yankin ne ma likitocin ido suka ci karo da mata sama da ɗari da suka daina gani alhali an duba idon lafiyarsa ƙalau, galibinsu sun ga an kashe nasu a gabansu.

Sai kuma yadda gudun hijira ke juya gida ƙasa ta koma sama. Yaro ya fi saurin kama yare, to kafin ka ce me ɗan shekara tara ya zama tafintan gidan, shi ke zuwa asibiti da uwarsa yana fassara wa likita abun da bai kamata kunnensa ya ji ba, shi ke karanta takardar da aka ƙi basu mafaka ya kuma nemo kalmomin da zai faɗa wa babansa. Uban kuma da a garinsu malami ne ko babban manomi ko mai shago da yara a ƙarƙashinsa, yanzu layi yake bi da kati a hannu, a ƙasashe da yawa doka bata yarda ya yi aiki ba, a Labanan misali an daɗe ana hana Falasɗinawa shiga sana'o'i irin su likitanci da lauya ko da a can aka haife su. Mutum ya wuni a zaune ba abun yi, girmansa ya zube a gaban iyalinsa, fushin da ba zai iya kai wa wanda ya kore shi ba ina kake jin zai sauke shi? Ban ce uzuri bane, dukan mace da yara ba shi da uzuri, amma in kana so ka san ta ina yaƙin da aka yi a wata ƙasa ya shigo ɗakin yaron da aka haifa a wata, to ga ƙofa ɗaya nan.

Akwai ma wani nau'in rashi da ya fi mutuwa cin rai, wanda ba gawa ba kabari. An rabu a hanya, ko an kama shi an tafi dashi, ba a san yana raye ba ko ya mutu. Ba a yi zaman makoki ba saboda yin sa kamar cin amana ne, ba a kuma ci gaba da rayuwa ba. Yaran da aka haifa bayan nan sau da yawa sunan wanda ya ɓata ake sa musu, sai yaro ya tashi yana ɗauke da mutum biyu, kansa da wani yayan da bai taɓa gani ba wanda kuma ba zai taɓa kamo shi ba, dan wanda ya tafi ai baya laifi.

To yanzu maganar da ta fi yawo a intanet, wai ciwon a jini yake, an gano yana shiga ƙwayoyin halitta ya bi zuri'a. A nan sai a taka a hankali. Akwai ƙamshin gaskiya. A lokacin sanyin 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci zuwa yammacin Holan, mutane wajen 20,000 suka mutu, yaran da suke ciki a wannan lokacin da suka girma an ga sun fi saurin kamuwa da ƙiba da ciwon suga da ciwon zuciya, kuma a 2008 aka nuna cewa bayan shekara sittin akwai wasu alamomi a kan ƙwayoyin halittarsu da suka bambanta da na 'yan'uwansu uwa ɗaya uba ɗaya. Ba wai rubutun halittar ne ya canza ba, abun kamar makunnin wuta ne, wani an kunna wani an rage. Rachel Yehuda a New York ta shafe shekaru tana auna sinadarin kotisol, wanda jiki ke saki in an shiga tashin hankali, a jikin waɗanda suka tsira daga 'yan Nazi da 'ya'yansu, a 2015 ta fitar da sakamakon wani bincike kan irin waɗannan alamomin na ƙwayoyin halitta da jaridun duniya suka yi ta yayatawa. Abun da ba a cika faɗa ba shine mutum 32 ne kacal da 'ya'ya 22 a binciken. Sannan na Holan ɗin, jaririn ai yana cikin uwar lokacin yunwar, shi ma yunwar ta same shi kai tsaye, wannan daban yake da a ce abu ya tsallaka zuwa wanda ko cikinsa ba a ɗauka ba. A ɓeraye an nuna irin haka, a jami'ar Emory an koya wa ɓeraye tsoron wani ƙamshi sai 'ya'yansu da jikokinsu suka fito da saurin razana da ƙamshin, amma ɓera a keji kana iya raba shi da iyayensa ka san me ya fito daga jini me ya fito daga reno. Ɗan Adam fa? Wanda ya baka jinin shi ya rene ka, shi kake kallon fuskarsa tun kana zanin goyo, ta ina za ka raba.

Ga kuma wani sakamakon da baya samun masu yaɗa shi saboda ba shi da armashi. A 2003 wasu masana a Holan ƙarƙashin van IJzendoorn suka tattara bincike sama da talatin da aka yi kan 'ya'yan waɗanda suka tsira daga 'yan Nazi, suka ga in dai ba a asibitin ƙwaƙwalwa ko ƙungiyoyin masu neman taimako aka zaɓo mutanen ba, in daga cikin jama'a aka ɗebo su, to ba wani bambancin kirki tsakaninsu da sauran tsararrakinsu. Ma'ana yawancin iyayen nan, da duk abun da suka gani, sun yi reno mai kyau. Rakoff ba ƙarya ya yi ba, amma shi likita ai marasa lafiya ne ke zuwa wajensa, masu lafiya suna gida. Ni wannan zancen na a jini yake yana bani tsoro ta wani ɓangaren, dan daga an ce abu a jini yake an gama da mutum kenan, gobe sai a ce kar a auri 'yarsu kar a ɗauki ɗansu aiki, irinsu a taɓe suke. Kuma yana sauke wa masu mulki nauyi, in a jini yake me takardar zama ko makaranta za ta gyara?

Alhali kuwa abun da aka fi tabbatarwa shine akasin haka. Hans Keilson, likita ne da shi kansa ya ɓuya daga 'yan Nazi a Holan, ya bi diddigin marayun Yahudawa wajen 200 har suka girma, ya fitar da sakamakon a 1979. Ya raba wahalarsu kashi uku, lokacin da aka fara tsangwama, lokacin ɓuya ko sansani, da lokacin bayan yaƙi. Kowa zai ɗauka na tsakiyar ne zai yanke hukunci. Ina, na ukun ne. Yaron da ya ga bala'i mai tsanani amma bayan yaƙi ya faɗa hannun da ya riƙe shi da kyau, ya fi zama lafiya akan wanda wahalarsa a yaƙin bata kai haka ba amma daga baya aka yi ta jifa dashi daga wannan gida zuwa wancan ana rigimar wa zai riƙe shi. Wallahi duk wanda ke tsara yadda za a karɓi 'yan gudun hijira ya kamata a ce ya haddace wannan. Masu bincike na baya bayan nan a wurare irin su Afganistan da Siri Lanka sun sake cin karo da abu makamancin haka, cewa wahalar yau da kullum, rashin aiki da cunkoso da rikicin cikin gida da rashin sanin gobe, tana da hannu a lalacewar lafiyar ƙwaƙwalwa kamar yadda abun da aka gani a yaƙin yake da shi, wani lokacin ma fiye.

In kana son ganin haka ƙuru ƙuru dubi Siwidin. Daga farkon shekarun 2000 ɗaruruwan yaran masu neman mafaka suka riƙa faɗawa wani hali, yaro ya daina magana ya daina ci ya daina tafiya, ya kwanta kamar wanda ya suma wata da watanni sai da robar abinci ta hanci, galibi bayan an ƙi ba iyalin izinin zama. An yi ta gardama akai har yau ma ba a gama ba, wasu sun zargi iyayen, amma likitoci da yawa sun lura yaran sukan fara farfaɗowa bayan iyalin sun samu takarda. Ƙasa ce mai asibiti mai abinci ba harbi ba bom, abun da ya rage kawai shine rashin tabbas, kuma yaran suna shaƙarsa daga iyayensu kamar hayaƙi.

Dama tun lokacin da Jamus ke ruwan bom a Landan Anna Freud da abokiyar aikinta Dorothy Burlingham da suke kula da ƙananan yara suka lura cewa bom bai cika firgita yaro ba in uwarsa na kusa kuma hankalinta a kwance, rabuwa da uwar ita ce ke karya shi. Finlan ma ta kwashe dubun dubatar yaranta zuwa Siwidin a yaƙin dan ta tsirar dasu, da kyakkyawar niyya, shekaru da dama bayan nan aka duba bayanan asibiti aka ga 'ya'ya matan waɗancan 'yan matan da aka kwashe sun fi 'ya'yan 'yan'uwansu da aka bari a gida yawan kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa. Yaro ba yaƙi yake kallo ba, fuskar wanda ke riƙe dashi yake kallo. Shi yasa nake ganin ƙungiyoyin da ke zuwa sansani su tara yara a tanti su basu fenti da ƙwallo su ɗau hoto su tafi, rabin aiki suka yi, yaron ai da yamma wajen uwar da bata yi barci ba zai koma.

Maganin shirun kuma ba shine a juye wa yaro komai ba. Akwai gidajen da matsalarsu kenan ma, kullum labarin kisa har a wajen cin abinci, yaro ya zama ma'ajiyar baƙin cikin iyayensa, in ya yi dariya ya ji kamar ya ci amanar matattu. Akwai kuma inda labarin ke zama wasiyyar ramuwa. Makullan gidajen 1948 da iyalan Falasɗinawa ke miƙa wa 'ya'yansu suna nuna fuska biyun abun, nauyi ne ƙwarai a ɗora wa yaro gidan da bai taɓa gani ba, amma kuma shine ke gaya masa shi ɗan wani wuri ne ba lamba a katin rabon abinci ba, kuma yaron da ya san daga ina ya fito da yadda kakarsa ta yi ta tsallake da yara biyar, ba rauni kaɗai ya gada ba har da taurin rai. Bambancin yana ga yadda aka bada labarin, mai farko da tsakiya da inda aka tsaya, daidai shekarun mai ji, ko kuwa gutsattsarin da ke fashewa cikin fushi.

Wata hanyar jinya da masana daga jami'ar Konstanz ta Jamus suka gwada da 'yan Sudan a sansanin Imvepi na Yuganda a farkon shekarun 2000 a kan wannan ta ginu, kuma sauƙinta ne ya burge ni. Igiya ake shimfiɗawa a ƙasa a ce wannan rayuwarka ce daga haihuwa, a baka duwatsu da furanni, duk inda wani mugun abu ya faru ka ajiye dutse, inda aka ji daɗi ka ajiye fure, ƙarshen igiyar a bar shi a naɗe saboda ba a rayu shi ba tukunna. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya ana rubutawa, a zama kaɗan, har abun da ke faɗo wa mutum ba sallama ya samu rana da wuri ya koma ya zauna a bayansa. A ƙarshe a miƙa masa labarin a rubuce, kuma an nuna ba sai babban likita ba, 'yan gudun hijirar kansu ana koya musu su yi wa junansu. Yuganda ɗin dai ita ce ke ba 'yan gudun hijira ɗan fili su noma da izinin aiki da zirga zirga, duk da ita ma tallafin ya ja baya an sha rage rabon abinci. Uban da ya fita da safe ya dawo da gumi a jiki wani mutum ne daban a idon ɗansa, wannan ba sai an auna kotisol ba.

Yanzu haka ana sake buga wasan daga farko. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba sama da mutum miliyan 12 da gidajensu, 'yan Rohingya na Myanmar sama da 700,000 da suka tsallaka Bangaladash a 2017 suna nan a Cox's Bazar ba izinin aiki, kuɗin agaji kuma an zaftare shi sosai a 2025, in aka zo yanka kuwa makaranta da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa suna cikin waɗanda wuƙa ke fara hawa saboda ba a ganin gawarsu nan take. Can Jodan kuma sansanin Zaatari na 'yan Siriya da aka buɗe a 2012, jariran farko da aka haifa a ciki yanzu sun zama samari da 'yan mata. Tun da gwamnatin Assad ta Siriya ta faɗi a Disambar 2024 iyalai da yawa suka fara ɗaure kaya, uba yana cewa za mu koma gida, yana nufin wata unguwa a Dar'a da ƙila ko bango bai rage ba, ɗansa kuma da bai san ko'ina ba sai layukan kwantenonin nan da abokansa da malaminsa, shi a wajensa yanzu ne za a fara gudun hijirar.